Dariyar da Ka Riƙe Mini Amana

Na Allah muke, mu da muryoyinmu, kuma gare Shi za mu koma.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, wadda ta zo daidai da sha huɗu ga Janairu, ana ta ruwa tun asuba, Allah Ya karɓi ran Mursalin Deen, wanda muke kira Chacha, wato baffa, a gidansa da ke Mon Repos, yana da shekara saba'in da ɗaya. Matarsa, Chachi Zabeeda (haka muke kiran matar baffa), ita ta kira ni. Ba ta yi kuka a waya ba. Cewa ta yi ya sha shayinsa, ya ce a ɗaga masa matashi, ya yi kalmar shahada, shi ke nan. Na ajiye wayar na zauna a kan matakala. Ina jin kunyar abin da zan faɗa, amma mamacin bai saba da in ɓoye masa komai ba: kafin bakina ya buɗe da addu'a, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, to yanzu wa zai riƙe mini Nizam?

Nizam mijina ne. Shekara tara ke nan da rasuwarsa. Yadda aka yi mamaci yake buƙatar mai riƙo, shi ya sa na ɗauki alƙalami yau Juma'a, ni da ban taɓa rubuta wa jarida ko layi ɗaya ba.

Chacha, yawancin masu karanta wannan ba su san fuskarka ba. Sun dai san "Kafin Ku Kwanta", shirin barkwancin da ake nunawa a talabijin duk Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yau shekara goma sha tara. Sun san mai shirin, Lennox Pilgrim, wanda yau zai fito ɗan sanda, gobe tsohuwa, jibi ɗan siyasa mai tumbin tsumma. Kai kuwa sunanka yana can ƙasan jerin sunaye, yana wucewa daidai lokacin da kowa ya tashi kashe fitila. Aikinka saka dariya ne. Ɗakin da ake ɗaukar shirin bai fi madafina girma ba, babu inda 'yan kallo za su zauna, don haka duk wata dariya da aka taɓa ji a bayan wasannin nan, kai ne ka zauna ranar Juma'a ka ɗora ta da hannunka.

Jama'a na ɗauka danna maɓalli ne kawai. Kai alƙalanci ka ɗauke shi. Wasan da bai cancanci fiye da 'yar ƙaramar dariyar mata uku ba, ita kake ba shi, ko da Lennox zai yi birgima a ƙasa. Wanda ya cancanci a ƙyaƙyata kuwa, ka ba shi haƙƙinsa ko da kuna 'yar tsama da wanda ya rubuta shi. Ka taɓa ce mini ɗora babbar dariya a kan wasan da bai kai ba shaidar zur ce, kuma mutum talatin ka sa suka yi ta a lokaci ɗaya. Duk wannan da fuska a murtuke kake yi. Alƙali, haka Lennox yake kiranka, yakan ce haƙoranka azumi suke tun kafin a haife shi, har yau ba a ga watan sallarsu ba.

Da aka fara shirin, dariyar da aka sayo a faifai daga ƙetare ake ɗorawa. Mutane suka ce wannan ba tamu ba ce, ta masu jin sanyi ce. Sai ka rataya rakoda ka shiga gari. Ka ɗauki ta mata masu jiran mota, da ta masu yankan rake a lokacin cin abinci, da ta tsofaffi masu buga domino a gindin mangwaro. Kowa sai ka nemi izininsa, ka rubuta sunansa a jikin kaset, ka jera su a wani tsohon gwangwanin biskit. Ta Nizam a ƙarƙashin gidanka ka ɗauka, da yake gidajenmu a kan dogayen ginshiƙai suke, jajibirin bikin 'yarka Rafeeza, maza sun kewaye manyan tukwane. An ba shi juyin miyar dal, irin miyar wakenmu. Ya shafe sa'a guda yana tuƙi da muciya kamar mai kwalekwale, yana cika baki cewa gobe sai baƙi sun side faranti. Da aka ɗanɗana, ashe kwanon sukari ya juye a madadin gishiri. Ya tsaya da muciya a hannu, ya dubi tukunyar, ya fashe. Wanda ya san shi ya san dariyar: takan faro daga ƙasa kamar injin famfo na tashi, ta hau, ta hau, sannan numfashi ya ƙare masa ya shiga shaƙuwa, uku a jere.

Ita ce ta zama Mai Shaƙuwa. In ban da mu 'yan unguwa, ba wanda ya san ko wane ne. Ba ka sakinta sai wasa ya kai maƙura, wata shekara sau huɗu, wata sau biyu. Ranar Lahadi a kasuwa ba a tambayar ko shirin jiya ya yi daɗi. Abin da ake tambaya shi ne, Mai Shaƙuwa ya yi? In ya yi, gardama ta ƙare. Nizam, wanda aikinsa buɗe ƙofar magudanar ruwa ne in teku ta janye, yakan ce shi ne babban alƙalin ƙasar nan, sai dai da takalmin roba yake zuwa kotu.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a gabana, a kan matakalar nan da nake zaune. Na shiga takaba, ban kunna talabijin ba, ban ma tuna akwai shi ba. Wata Asabar, saura kwana goma in fita, ina kwance, tagogi a buɗe saboda zafi, sai na ji shi. Daga gidan maƙwabta, ta tsakanin katako, mijina yana dariya. Ban san lokacin da na isa ƙofa ba, ba mayafi, hannuna a kan sakata zan buɗe masa. Ashe tsohon shiri aka maimaita.

Washegari, tun kafin in aika, ka zo. Ka tsaya a ƙasa, Chachi ta hau ta zauna da ni, kana magana ta taga. Ka ce ba ka san za a maimaita ba, ka nemi gafara a kan laifin da ba naka ba. Ka ce ga kaset ɗin a hannunka. Ba ka taɓa bari an zuba shi a kwamfutar gidan talabijin ba. Dariyar da ke cikin tsofaffin shirye-shirye ta cakuɗe da muryoyin 'yan wasa, ba ta ciruwa, tsantsarta nan kawai take. In na ce a goge, kafin azahar an goge.

Na kasa cewa a goge. Na kuma kasa cewa a bari. Tun ina 'yar shekara bakwai a gaban malaminmu aka dasa mini tsoron yi wa mutum izgili da cin namansa a bayan idonsa. Mai rai in ya yi dariyar da ba ta dace ba, yana iya cizon yatsa ya nemi gafara. Nizam fa? An rufe littafinsa. Liman ya gaya mini babu alhaki a kan mamaci game da abin da bai aikata ba, kuma na yarda da liman. Amma wanda za a yi wa dariyar ba fatawa zai ji ba. Muryar mijina zai ji, tana ƙyaƙyata masa a gaban ƙasa baki ɗaya.

Ka yi mini kwafin dariyar ita kaɗai, ka ce in ajiye a gida in riƙa saurara, sai a cire ta daga shirin. Sau ɗaya na kunna. Dariyar nan in babu abin da ake yi wa ita, shaƙuwar ƙarshenta ba ta da bambanci da numfashin da ya ja a kan matakala. A ranar na mayar maka da shi. Na gane in dai zan sake jin mijina a raye, to sai a cikin wasa, a tsakiyar mutane, kamar yadda ya rayu.

Kai ka kawo mafita. Ka ce, "Beti," wato 'yata, "mu raba aikin. Ni in duba ko ya ba da dariya, ke ki duba ko ya ci mutunci. In ɗayanmu ya ce a'a, Nizam ya yi barcinsa." Daga ranar ka cire kaset ɗinsa daga gwangwani, ya koma aljihun rigarka.

Haka muka yi shekara tara. Duk Alhamis ɗin da kake da wasan da kake ganin ya kai, bayan la'asar, in na sallami masu karatu a masallaci, sai in tako gidanka. Chachi ta ajiye mana shayi da soyayyen mithai, irin cincin ɗinmu, ka kunna mini wasan a ƙaramin talabijin, tsurarsa, ba dariyar kowa a kai. Allah Ya sani ban san barkwanci ba. Sau da yawa ake gamawa ban ga inda abin dariyar yake ba, sai ka yi haƙuri ka nuna mini da yatsa kamar mai koya wa yaro baƙi. Da farko komai cewa nake a'a. Na tuna wasan mutumin da ya kafa kujera yana kamun kifi a ramin titi. Na ce wannan ai an ci naman masu gyaran hanya. Ka kurɓi shayi, ka ce, "Beti, ramin titi ba shi da uwa da za ta ji kunya a kasuwa gobe." Wannan ya zama ma'auninmu. Wa zai ji kunya a kasuwa gobe? In mai mulki ne da ya ƙi yin aikinsa, to ya je ya yi. In wanda Allah Ya jarraba ne da abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba, an rufe magana.

Masu kallo za su tuna daren mai kifi, ko da ba su san abin da ya faru a baya ba. Wata baiwar Allah ce mai i'ina, tana sayar da kifi a babbar kasuwa a Georgetown, kowa ya san ta. Lennox ya kwaikwaye ta har ɗaurin kallabi. Kai da bakinka ka ce a duk shekarar ba a yi wasa mai ban dariya kamarsa ba. Na ce a'a. Na zaci Nizam kaɗai za ka hana. Ashe ka je ka ce wa Lennox ba za ka ɗora muryar kowa ba, don duk mutanen da ke cikin gwangwanin nan amana suka ba ka. An ce ya daka maka tsawa, ya ce, "Alƙali, danna abu aka ɗauke ka yi, ba wa'azi ba." Ka rufe gwangwaninka ka saka a hammata ka hau mota. Shi kuma zuciya ta ɗebe shi, ya ce wasan zai tsaya da ƙafarsa, ya sake shi haka nan.

Minti huɗu namiji yana kwaikwayon i'inar mace, babu ko tari. Na kalla da hannu a baki. Da babu dariyar da za ta rufa masa asiri, kowa ya ga abin a yadda yake. Ranar Litinin Lennox ya je kasuwa ya tsaya gaban teburin matar ya cire hula. Kai kuwa an dakatar da kai mako uku, ba ka taɓa gaya mini ba. Sai bayan shekara Chachi ta yi suɓutar baki.

Akwai wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma dole in faɗe shi yanzu, don a san irin mutumin da muka binne. Wata shekara aka yi wata goma sha ɗaya Mai Shaƙuwa bai fito ba. Wasannin ba su kai ba, kai kuma ba ka ƙari. Na fara mantar da sautin. Ina wanke-wanke in yi ƙoƙarin tuno ta, sai in rasa ko shaƙuwar uku ce ko huɗu. Sai ga ka da wasan wani tsohon mai raba wasiƙu da ya fara ruɗewa, yana kai wa kowa wasiƙar maƙwabcinsa. Kai ka ɗauka ƙirƙira ce. Ni na san mutumin. Jikokinsa biyu a gabana suke karatu, kuma na san 'yarsa kan ɗaure ƙofar gida da igiya don kada ya fita ya ɓace. Na dubi kofin shayina na ce ba laifi.

Ka daɗe kana kallona. Ashe ka ga yadda na ƙi haɗa ido da kai, ka je ka yi tambaya. Ranar Asabar na yi wanka, na zauna gaban talabijin kamar amarya. Wasan bai fito ba gaba ɗaya. Alhamis na zo ina jan ƙafa, ina jiran faɗa. Ka tura mini farantin mithai, ka ce, "Na san ba wasan kika duba ba, Beti, kewa kika duba. Ni ma da ni ne haka zan yi. Shi ya sa muke mu biyu."

Ba ka sake tayar da zancen ba har ka koma ga Allah.

Ba ni kaɗai ka yi wa haka ba. Mutum talatin da ɗaya ne a gwangwanin nan, goma sha biyu sun riga ka. Duk wanda ya rasu sai ka je, ko a coci ne, ko a bakin teku inda ake ƙona gawa, ko a masallaci. In an share makoki ka koma ka tambayi iyalansa, a bari ko a goge. Wata tsohuwa a Buxton ta ce a bar mata ta 'yarta amma kada a ɗora a kan wasan maye, don giya ce ta kashe auren yarinyar. Ka rubuta a jikin kaset da jan biro. Shekarar da ruwa ya ci gari, kai ka shigo har ƙugu ka ɗauke mini keken ɗinki ka hau da shi sama, ka sauko ka tafi ba ka tsaya an gode maka ba.

Ranar Laraba muka kai ka, ruwa bai ɗauke ba. Jiya Alhamis aka taru a ƙarƙashin gidanka karatun Alƙur'ani. Sai da na hau gadar ƙofarka na lura bayan la'asar ne, lokacinmu. Chachi ta ja ni sama, ta ciro kaset ɗin daga aljihun rigarka da ke rataye, ta danƙa mini. A jiki ka rubuta, "Nizam, dal. Na Khairoon ne." Wato nawa.

Lennox ya same mu a nan, idanunsa a kumbure. Ya ce sun kwana suna haɗa wasan da za a yi maka ban kwana da shi ranar Asabar, kuma ba zai sake shi ba sai Chachi ta gani, ni ma na gani. Ya kunna a ƙaramin talabijin ɗinka. Shi ne ya fito a matsayinka: Alƙali ya je wajen likitan haƙori, likita yana roƙo a buɗe baki, Alƙali ya ce sai an kawo hujja. Likita ya yi ta zuba labaran ban dariya, gumi na keto masa, Alƙali yana sauraro da kofi a hannu, can ya ɗaga yatsu ya ce wannan mata uku ne, ba ƙari. Chachi ta yi dariya har ta kifa kai a cinyata, tana kuka tana cewa wallahi haka yake riƙe kofi. Ni ma na yi, Chacha. Karo na farko a shekara tara, ba wanda ya nuna mini da yatsa. Na tambayi kaina wa zai ji kunya a kasuwa gobe, ban samu kowa ba. Wasan ya kai, kuma tsarkakakke ne. In akwai wanda ya taɓa cancantar Mai Shaƙuwa, to shi ne.

Lennox ya durƙusa a gabana, babban mutum mai furfura. Ya ce, "Anti Khai, sau ɗaya. Tsohon nan ya cancanta."

Na ce in na ba shi, ai sai ya zuba a na'urarsu. Ya ce haka ne, ba mai iya ɗorawa da hannu irin naka. Na ce to in ta shiga, zai iya rantse mini ba za ta sake fita ba sai a kan abin da ya dace? Ya share fuska da tafin hannu.

"Ba zan yi miki ƙarya a gidan makoki ba," in ji shi. "Ni ba shi ba ne. Ranar da wasa ya mutu a hannuna, masu talla suna ta waya, zan danna."

Na roƙe shi ya bar ni zuwa safiya.

Da na koma gida na ɗauko tsohuwar rediyon Nizam na saka kaset ɗin, na mayar da shi tun daga farko. Ban taɓa jin sa cikakke ba. Ga ƙarar muciya a tukunya, ga hayaniyar maza, ga wani yana ihu, sukari ne, wallahi sukari ne. Sai Nizam ya faro. Ya hau, ya hau, shaƙuwa uku. Da abin da ya jawo ta a gabanta, shaƙuwa ce kawai, ta mutumin da yake yi wa kansa dariya. Na miƙa hannu zan kashe, sai na ji wata ta biyo baya, siririya, dab da bakin rakoda, kamar butar shayi ta fara fito. Mai riƙe da na'urar ne. Kai ne. Shekara goma sha tara kana yanke taka dariyar daga ciki.

Me ya sa ba ka ba ni wannan ba tun farko? Ban sani ba ko kunya ce, ko kuwa ka hango cewa in na samu cikakkensa zan rufe ƙofa in zauna da kaset, in daina fitowa ranar Alhamis. Ba ka nan balle in tambaye ka. Abin da na sani shi ne yanzu amanar ta zama biyu, kuma dukanku ba mai iya tashi ya ce a'a.

Yau da safe na kira Lennox na ce ba zan bayar ba. Sannan ya ce ya ji, ba ya fushi, amma in haka ne ba zai ɗora komai ba, ko mata uku. Gwangwanin yana wurin Chachi, ba zai nema ba, don a wannan makon ba wanda ya isa ya zauna a kujerarka. Wasan zai fita tsurarsa.

Tun daga lokacin ban zauna ba. Minti huɗun mai kifi nake ta gani. Shekara goma sha tara ka koya wa ƙasar nan ta jira hukuncinka kafin ta buɗe baki. Gobe za su jira, su ji shiru, kuma shiru a shirin nan ma'ana ɗaya suka san yana da ita. Za su ce wasan Alƙali bai kai ba. Chachi za ta zauna gaban talabijin ta ga ana kwaikwayon mijinta kwana uku da binne shi, ba ko tari, kuma ni na jawo. Sau uku na ɗauki waya zan ce wa Lennox ya zo ya karɓa. Sau uku na ajiye, don ban san ko kai nake dubawa ba ko kewata. A da in na karkace akwai mai gani. Yanzu ni kaɗai ce, Chacha, kuma ni ba alƙali ba ce. In na yi maka rowar abin da ka cancanta, ka yafe mini. In kuwa na yi daidai, ban ji daɗin daidai ɗin ba ko kaɗan.

Editan jaridar nan ya yi mini alkawarin wannan rubutu zai fito ranar Asabar da safe. Saboda haka roƙona ga duk wanda ya karanta, daren nan nake nufi. Da ƙarfe goma sha ɗaya ku kunna. Ba za ku ji dariyar kowa ba. Ba don wasan bai kai ba ne. Mai ɗorawar ne ba ya nan. Ban ce ku yi ta dole ba, don da yana raye ba zai karɓi shaidar zur ba, ko a kan kansa. Amma in ta zo muku, don Allah kada ku haɗiye. Kada ku jira Mai Shaƙuwa, ba zai sake fitowa ba. Ku buɗe tagoginku. Mutanen Mon Repos, musamman na kusa da gidan Chachi, mai fenti ruwan ɗorawa da ke bayan gadar katako, ku nake roƙo fiye da kowa. Chachi ta ce za ta bar nata tagogin a buɗe ko ana ruwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Chachi Zabeeda, wadda ta dafa mana shayin shekara tara ba ta taɓa tambayar me muke ƙullawa ba. Da Rafeeza da mijinta Ashmead da 'ya'yansu. Da Lennox, wanda ya gaya mini gaskiya a lokacin da ƙarya za ta biya masa buƙata. Da duk waɗanda muryar wani nasu take kwance a gwangwanin nan. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, bawanKa Mursalin ya zo gare Ka. Mun shaida bai tauye awo ba, bai ƙara ba, ya rufa asirin masu rauni, ya rufa nawa. Ka rufa nasa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sauƙaƙa masa hisabi kamar yadda ya sauƙaƙa mini ranar da na cancanci faɗa. Ka tashe shi cikin masu hasken fuska, Ka haɗa shi da Nizam a gidan rahamarKa, inda zai yi dariyarsa har ƙarshe, ba mai yankewa.

Amin.

Bibi Khairoon Sattaur
Mon Repos